Notunan Tayar Baya

A garejin kamfanin babu mai kiransa da sunansa. Duba-gari ake ce masa, tun daga maigadi har Manaja. Direbobi 'yan'uwansa ne suka laƙaba masa, saboda yadda yake zagaye tirelarsa kowace safiya kamar mai neman kwatar da ba a share ba.

Yana da wata 'yar guduma mai ƙotar katako da ta yi santsi don riƙo. Da ita yake bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya buga, ya saurara. Tayar da iskarta ta cika tana da amo, wadda ta yi sanyi kuwa sai ta amsa kamar an bugi buhu. Daga nan ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya leƙa ruwan lagireto. Ya danna fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, da babban yatsa. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin motar yana neman ɗigon mai ko tiyon da ya fara tsagewa. Ya ja zoben tankin iska ruwan da ya taru ya zube. Sai ya tada inji, ya bari iskar birki ta cika, ya kashe, ya tsaya shiru ko zai ji huci. Duk abin yakan ci minti arba'in.

"Duba-gari, in ka gama ka zo ka duba mana ko sauro ya yi ƙwai a tawa," in ji direbobin daga bencin mai shayi.

Shi dai yakan ce, "Mota a gida take mutuwa. Hanya faɗuwa kawai take zuwa yi."

Shekara goma sha tara yana tuƙi a kamfanin, janwe bai taɓa zuwa ɗaukarsa ba. Ba ya faɗin wannan da bakinsa, amma yana jin daɗi in wani ya faɗa.

Ƙanensa ma direba ne a wurin. Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha biyu ke tsakaninsu. Duba-gari ne ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki. Auta yana da hannu a sitiyari, wannan kowa ya shaida. Zai shigar da tirela da baya cikin lungun da wani ba zai shiga da gaba ba. Haƙuri ne ya yi masa ƙaranci. Sau ɗaya ya tashi babu ruwa a lagireto injin ya ɗau zafi ya kusa bugawa, sau ɗaya kuma ya bar fitilun baya a mace har wata ƙaramar mota ta shige masa. Takardar gargaɗi biyu ke cikin fayil ɗinsa, kuma a dokar kamfanin ta uku kora ce. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma a gidansa mahaifiyarsu, Inna, take zaune.

Ranar wata Talata da yamma mai faci ya canja wa Duba-gari taya a bayan tirelar, ɓangaren hagu. Duk direban da ya san aikinsa ya san tayar da aka ɗaura yau ba a gama da ita ba. In ta kwana, ko ta ɗan yi tafiya, wilin, wato ƙarfen da tayar ke kai, yakan zauna, notunan su saki, dole a sake bin su da sifana. Duba-gari ya yi niyyar yin haka da safe kafin ya tashi da lodin fulawa, buhu ɗari shida, ƙarfe tara.

Da safen, yana ɗaura agogo, wayar Auta ta shigo. Inna ta zame a banɗaki, hannunta ya kumbura, ba ta iya tashi.

Tare suka kai ta asibiti. Suka tarar da layi har bakin ƙofa. Inna tana zaune a keken marasa lafiya ta tallafe hannun da ɗaya hannun, ba ta kuka. Ƙarfe takwas ta wuce ba a ko ɗauki hoton ƙashin ba. Duba-gari yana ta duban agogo.

"Yaya, kai ka tsaya da ita," in ji Auta. "Kai ka iya magana da likitoci, ni sai su yi ta juya ni. Lodina sai bayan azahar. Kawo makulli in je in duba maka motar, kana zuwa sai dai ka tada."

Duba-gari bai taɓa ba wani wannan aikin ba. Amma Inna ta riƙe masa gefen riga da hannunta mai lafiya, kamar yarinya. Ya zaro makullin.

"Mai, ruwa, fambel, iska. Ka zubar da ruwan tanki. Sai notunan tayar baya ta hagu, jiya aka canja ta. Guda goma ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko ɗaya."

"Yaya, ai kai ka koya mini."

"Shi ya sa nake maimaitawa."

Auta ya yi dariya ya tafi.

Sai goma da rabi Duba-gari ya isa gareji, bayan an ɗaure hannun Inna da filasta, matar Auta ta zo ta karɓe shi. Manaja yana tsaye a barandar ofis, hannu a aljihu. Masu kayan sun kira sau uku. Auta ya taso daga bencin mai shayi ya miƙa makulli. Tafin hannunsa baƙi ƙirin da giris.

"Na gama komai."

"Notunan fa?"

"Har da su. Sai da na hau kan sifanar da ƙafa."

Duba-gari ya dubi motar. Ƙafafunsa da kansu suke son zagayawa. Amma direbobi shida ne a kan bencin, duk sun ji abin da Auta ya faɗa. In ya ɗauko sifana yanzu ya durƙusa gaban tayar, ya ce wa ƙanensa maƙaryaci ke nan a bainar jama'a, mutumin da dama ana yi masa kallon mai sakaci. Ya dafa kafaɗar Auta, ya wuce tagar ofis. Akawun, wata mata mai tabarau da ta daɗe a wurin, ta turo masa takardar binciken safiya. Ya bi layukan yana yin alama, mai, ruwa, birki, fitilu, tayoyi da notuna. Ya sa hannu a ƙasa, inda aka rubuta cewa direba da kansa ya duba.

Bayan tafiyar awa ɗaya ya wuce wani fili da ya saba tsayawa in an canja masa taya. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya dubi agogo, ya mayar da ƙafar. Ai an ɗaure su da safe.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana, a wata doguwar gangara tsakanin gonaki, ya fara jin abin a kujerarsa kafin kunnensa ya ji. Wata 'yar rawa ce, tana zuwa tana tafiya. Ya dubi madubin hagu. Tayar baya tana lilo kamar faifan da ya lanƙwashe. Bai taka birki da ƙarfi ba, don ya san buhu ɗari shida za su turo shi. Ya rage giya, ya sake ragewa, yana latsa birkin a hankali yana saki, yana jan motar zuwa gefe. Saura kaɗan ta tsaya sai ya ji ƙara kamar an harba bindiga, sau uku a jere. Bayan tirelar ya karkata. A madubi ya ga tayoyi biyu sun rabu da motar. Ɗaya ta faɗa kwalbati. Ɗayar ta wuce shi ta gefen taga tana tsalle, ta tsallake titi, ta shiga gona, ta bi ta cikin shuka ta je ta daki bangon wata rumfa da manomi yake ajiye kayan aiki, ta rushe rabinsa.

Ya sauko da gudu. Wata mata tana tsaye kamar taku goma daga rumfar, da bokiti a hannu da jariri a baya. Ba ta motsa ba har ya iso. Ya tambaye ta ko akwai wanda ke ciki, ta girgiza kai. Sai a lokacin ya zauna a kan kunyar gona.

Ya kafa alamun hanya, ya kira ofis, sannan ya kira Auta.

"Inna lillahi. Yaya, kai dai lafiyarka ƙalau?"

"Lafiyata ƙalau. Auta, notunan nan ka ɗaure su?"

"Ana kirana wajen lodi, Yaya. Zan kira ka."

Bai kira ba. Duba-gari ya sake nema sau huɗu kafin rana ta faɗi, wayar tana shiga ba a ɗauka.

Kwana biyu ya yi a gefen titin. Ya ƙara ɗaure tamfol saboda hadari ya haɗu, ya je ya ba manomin haƙuri, ya taya shi kwashe bulo. Motocin kamfaninsu biyu sun wuce, direbobin suka tsaya suka yi masa jaje, ya ga yadda suke satar kallon inda tayar ta fita. Babu wanda ya yi zolaya. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi.

Rana ta biyu Babban Bakanike ya iso da kayan gyara. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tare suka tsufa a garejin. Ya tsugunna ya tsinci guntun ƙarfen da ya karye, ya juya shi a hannu. Ya sa aka mirgino wilin. Ramukan notunan, da ya kamata su kasance zagaye, sun zama kamar ƙwai don gugar da suka sha.

"Waɗannan babu wanda ya taɓa su tun da mai faci ya ɗaura," in ji shi. Ya ɗago kai. "Kai?"

"Ni na sa hannu a takarda."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da zan iya faɗa maka."

Bakaniken ya juya ya ce a kawo jak.

Da Duba-gari ya dawo gida, matarsa ta bar keken ɗinkinta ta zuba masa ruwan wanka, ta bari sai da ya ci abinci kafin ta tambaya. Ya faɗa mata komai, har da makullin da asibitin.

"To gobe sai ka faɗa musu haka," ta ce.

"In na faɗa sun kore shi. Takarda biyu gare shi."

"Kai fa?"

"Ni fayil ɗina babu komai a ciki. Iyaka su ba ni gargaɗi. Kuma ai ni ma ban yi gaskiya ba, na sa hannu a kan abin da idona bai gani ba."

"Ya kira ka?"

"Kunya yake ji."

Ta ɗauki almakashi ta ci gaba da yanka yadin da ke gabanta. "Mai jin kunya gida yake zuwa," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Washegari ƙarfe goma aka kira shi ofis. Manaja yana bayan tebur, Babban Bakanike a gefe, akawun tana riƙe da biro. An ɗora guntun ƙarfen a kan teburin kusa da takardar da ya sa wa hannu. Duba-gari ya riga ya shirya maganarsa tun a hanya: ya makara saboda mahaifiyarsa, ya yi gaggawa, bai bi notunan ba, laifinsa ne, yana neman afuwa. Ya faɗe ta kamar yadda ya shirya.

Manaja ya gyaɗa kai. "Da a ce wannan ne karo na farko, da sai in ce tsautsayi. Amma ga abin da ke gabana." Ya jawo wata takarda daga cikin fayil, rubutun hannu, shafi ɗaya da rabi. "Ɗan'uwanka ya zo nan shekaranjiya, da ƙafarsa, babu wanda ya kira shi. Ya ce abin yana damunsa."

Duba-gari ya gane rubutun tun daga nesa. Shi ya riƙa duba wa Auta littattafan makaranta.

Manaja ya karanta a hankali. Takardar ta ce yayansa ya daɗe da rage binciken safiya, zagaye kawai yake yi don idon mutane. Ta ce idonsa ya fara rauni, ba ya son a sani. Ta ce ranar Laraba shi Auta ya ɗauko sifana daga motar don ya tuna masa da tayar, ya ajiye masa a gefe, amma yayan ya ce babu lokaci. Ta ce ya rubuta ne ba don ƙiyayya ba, sai don tsoron kada wata rana a rasa rai.

Fanka tana juyawa a sama, tana ɗaga gefen takardun. Duba-gari ya dubi Babban Bakanike, dattijon yana kallon ƙasa. Akawun ta ajiye biron.

"Maigadi ya ga ɗan'uwanka da sifanarka da safen Laraba, wannan ya yi daidai da abin da ya rubuta," in ji Manaja. "Kana da abin cewa?"

Yana da shi. Direbobi shida sun ji Auta yana cewa ya hau kan sifana da ƙafa. In ya buɗe baki, kafin la'asar an gama da Auta. Ya ga fuskar ƙaramar 'yar Autan, wadda take hawa wuyansa in ya je gidan. Ya ga Inna da hannu a filasta ana fitar da kayansu. Kuma minti biyar da suka wuce, da bakinsa ya ce laifinsa ne. In ya juya yanzu, wa zai yarda ba ramuwa ba ce?

"Idona lafiya lau," ya ce. "A gwada."

"Za a gwada. Sauran fa?"

"Ba ni da abin cewa a kan sauran."

Aka dakatar da shi wata ɗaya. In ya dawo, ba zai koma doguwar hanya ba sai an ga hali. Da ya fito, Babban Bakanike ya biyo shi har bakin ƙofa.

"Na ce wa Manaja shekara goma sha tara ban taɓa ganin ka tsallake ko ƙusa ba. Ya ce ni abokinka ne, wancan kuwa ɗan'uwanka ne, ɗan'uwa ba zai yi maka ƙarya ba."

Duba-gari bai koma gida ba. Ya hau mota zuwa gidan Auta. Matar Autan ta gaishe shi a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa, ta shige kicin. Takalman Auta suna bakin ɗakin Inna.

Inna tana kishingiɗe, an sa mata matashi ƙarƙashin hannun. Auta yana zaune a ƙasa kusa da gadon. Da ya ga yayansa ya yi kamar zai tashi, ya fasa.

Duba-gari ya gaida Inna, ya tambayi hannu, ya tambayi ko ta sha magani. Sannan ya juya.

"Me ka yi da safen Laraba?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Na duba mai da ruwa. Na sa giris. Na ɗauko sifanar, wallahi na ɗauko ta, na sa a noti na farko. Sai aka kira ni a kan takardun lodina. Da na dawo sai na ga kamar... na ɗauka na gama. Sai da ka tambaye ni na tuna, ga mutane."

"Wannan na yafe tun ina gefen titi. Mantuwa ce, kowa yana yi. Yau da safe na shiga ofis na ce ni ne. Ban ambaci sunanka ba, ban yi niyyar ambata ba."

Auta ya ɗago kai a karo na farko.

"Takardar nake tambaya," in ji Duba-gari. "Wai idona ya yi rauni? Zagayen ganin ido nake yi?"

"Maigadi ya gan ni da sifana, Yaya. Na san za su tambaya. Na ce in ban riga su ba, na shiga uku. Da na fara rubutu sai na ga in ban ƙara wani abu ba ba za su yarda ba. Kowa ya san ka. Wa zai yarda kai ka manta?"

"Sai ka gyara musu ni yadda za su yarda."

Auta ya mayar da kai ƙasa.

"Babba," in ji Inna. Haka take kiransa tun yana yaro. "Zauna."

Bai zauna ba.

"Ya zo mini ranar da abin ya faru, yana kuka kamar yaro. Ni na ce masa ya je ya kare kansa. Ban san abin da zai rubuta ba, amma ni na ce ya je." Ta gyara hannun a kan matashin. "Kai kana da suna. In an ɗiba kaɗan, saura yana nan. Shi ba shi da komai. Bango ai shi ake jingina wa."

Duba-gari ya dube ta. Wannan matar ce ta riƙe masa riga a asibiti har ya ba da makullin.

"Inna, da kin kira ni kin ce in ɗauka, da na ɗauka. Na ma riga na ɗauka. Kwana biyu ina gefen titi, babu wanda ya kira ni daga gidan nan."

"Na ji tsoron kada ka ƙi."

"Yaushe na taɓa ƙi?"

Ta kawar da kai wajen bango. A waje yara suna rigima a kan ƙwallo. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya sa takalmansa ya fita. Ƙaramar 'yar Auta ta rugo ta rungume ƙafarsa, ya ɗaga ta sama sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya sauke ta.

Watan nan ya yi masa tsawo. Jikinsa ya saba tashi da wuri, sai ya tashi ya rasa abin dubawa. Ya gyara famfon gidan, ya kwance keken ɗinkin matarsa ya wanke ya sa mai har ta ce ya ƙyale mata abinta haka nan. Likitan ido ya gwada shi ya rubuta cewa yana gani fiye da wasu samari. Ya kai takardar ofis, akawun ta karɓa ta sa a fayil, a bayan ta Auta. Ba a cire waccan ba.

Matarsa ta so ta je gidan Auta ta faɗi abin da ke ranta, ya hana. Babban ɗansu, da ke karatu a wani gari, ya ji labari ya bugo waya yana cewa shi daga yau ba shi da baffa. Duba-gari ya ce masa ya kama bakinsa, wannan ba faɗansa ba ne. Amma da ya ajiye wayar ya daɗe zaune, don ya ji daɗin maganar yaron, kuma bai so ya ji daɗinta ba.

Bai daina zuwa duba Inna ba. Yakan je ran da ya san Auta yana hanya. Ya kai mata magani, ya kai ta a cire filasta, ya zauna minti ashirin su yi maganar hannu da zafin gari. Sau ɗaya ta fara cewa, "Babba, game da maganar nan," sai ya ce mata likita ya ce ta riƙa motsa yatsun, ya nuna mata yadda ake yi.

Da ya koma aiki aka ba shi wata tsohuwar mota mai taya shida, yana kai kaya shaguna cikin gari. Tirelarsa an ba wani. Direbobin bencin mai shayi sun san gaskiya, su shidan da suka ji da kunnensu sun faɗa wa saura, amma babu wanda ya taka zuwa ofis. Kowa da fayil ɗinsa. Sai dai sun daina zolayarsa da safe, kuma in Auta ya zo zama, bencin yakan cika ba zato.

Wata safiya, kusan mako uku da komawarsa, yana wucewa ta bayan tirelar Auta da bokitin ruwa a hannu. An gama lodi, injin a kashe, Auta yana tagar ofis. Sai kunnensa ya kama wani siririn huci daga ƙarƙashi, wajen tiyon birkin baya. Ya tsaya. Ba shi da yawa, irin wanda mutum zai yi tafiyar awa uku da shi kafin ya gane a kan gangara.

Ya ajiye bokitin, ya nufi rumfar gyara.

"Tirelar da ke layi na biyu tana zubar da iska a baya, ɓangaren dama," ya ce wa Babban Bakanike. "Kada ta fita."

Dattijon ya leƙa ya ga ko ta wace ce. Ya goge hannu da tsumma. "Ka faɗa masa?"

"Kai nake faɗa wa."

Ya koma ya cika lagireton tsohuwar motarsa, ya hau, ya tada. Yana jiran maigadi ya buɗe ƙofa sai ga Auta ya taho da sauri, ya tsaya a gefen taga, ya ɗora hannu a kan madubi.

"Yaya, an ce kai ka ji hucin. Na gode." Ya rage murya. "Yaya, in ka ce in je in faɗa wa Manaja gaskiya, zan je."

Duba-gari ya dube shi. Auta ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ran da ka je ka rubuta waccan, ka tambaye ni? Ni ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Ofishin yana nan inda ka san shi." Ya nuna madubin da haɓa. "Cire hannunka, ka karkatar mini da shi."

Auta ya janye hannun. Duba-gari ya miƙa nasa ta taga ya daidaita madubin, ya sa giya. Akwai shaguna tara a takardarsa ta ranar, na farkon yana bayan kasuwa, inda in mutum bai isa kafin tara ba ba zai sami wurin tsayawa ba.

Auta bai je ofis ba, ranar ko bayanta.